Yadda Likita Ke Ganin Ƙaramin Hanji

Yau za mu ɗauko wata mas'ala ta ilimin ɗibbu wadda ba a cika tattauna ta a zaure ba, watau yadda likita ke gano abin da ke gudana a cikin ƙaramin hanji idan ya yi zaton akwai cutar kumburin hanji mai daɗewa, da kuma dalilin da zai sa ya tura wannan majinyaci ɗakin sikanin, ya tura wancan na'urar maganaɗisu, alhali kuwa da kuka iri ɗaya suka zo masa.

Ƙaramin hanji shi ne wannan dogon bututu da ke tsakanin tumbi da babban hanji, wanda tsawonsa a babban mutum yakan kai kimanin mita 6, Allah cikin hikimarsa Ya naɗe shi, Ya shirya shi a tsakiyar ciki, kuma a nan ne jiki ke tsotse mafi yawan amfanin abin da muka ci. To, wahalar da ke tattare da shi a wurin likita ita ce nisansa daga ƙofofin jiki biyu. Idan aka zura bututu mai kyamara ta baki, zai wuce maƙoshi, ya shiga tumbi, ya leƙa farkon ƙaramin hanji, daga nan sai ya tsaya. Idan kuwa aka zura ta dubura, zai ratsa babban hanji baki ɗaya, in hannun mai aikin ya ƙware ya kutsa ƙarshen ƙaramin hanji da 'yan santimitoci, shi ma sai ya tsaya. Abin da ya rage a tsakani, mitoci ne masu yawa waɗanda bututun yau da kullum ba ya isa gare su.

Cutar kumburin hanji mai daɗewa kuwa iri biyu ce a wurin masana. Ta farko tana zama a babban hanji kaɗai, tana cin fatar ciki ta sama-sama, tana kawo gudawa da jini. Wannan ba za mu daɗe a kanta ba, domin bututu mai kyamara yana ganin iyakarta. Ta biyu ita ce ake kira cutar Crohn, da sunan wani likita Ba'amurke, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka wallafa bayanin majinyata 14 daga asibitin Mount Sinai na birnin Niyok a shekarar 1932, ko da yake wani likitan tiyata na Sikotlan mai suna Dalziel ya riga su siffanta ta tun 1913. Ita wannan tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma inda ta fi so shi ne ƙarshen ƙaramin hanji, can ƙasan ciki ta hannun dama. Tana kama wani yanki ta tsallake wani. Kuma ba ta tsayawa a fatar ciki, sai ta ratsa kaurin bangon hanjin gaba ɗaya, har wani lokaci ta huda shi ta buɗe hanyar yoyo zuwa wani hanjin, ko mafitsara, ko fatar jiki. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba sammu ba ne. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta dinga yaƙar hanjinsa. Galibi takan fara ne da ƙuruciya, tsakanin shekara 15 da 30, da murɗar ciki, da gudawa mai tafiya tana dawowa, da rama, da ƙarancin jini, a yaro kuwa wani lokaci ba abin da iyaye za su lura da shi illa ya ƙi girma kamar sa'o'insa.

Idan kun riƙe wannan siffa, za ku fahimci cewa abin da likita ke nema a hoto ya wuce a ce masa akwai ciwo ko babu. Yana son sanin inda ciwon yake da tsawon yankin da ya kama, yana son sanin ko mugunya ta taru a bayan hanjin ko hanyar yoyo ta buɗe, kuma sama da duka, idan ya ga wurin da hanji ya tsuke, yana son ya rarrabe ko kumburi ne mai rai ya toshe shi, ko kuwa tabo ne na tsohon miki da ya warke ya ƙandare. Wannan rarrabewa ita ce ginshiƙin hukunci, domin kumburi yana jin magani, ya sace, hanya ta buɗe, amma tabon da ya riga ya ƙandare ba ya jin allura ko ƙwaya komai tsadarta, sai dai a buɗa wurin da balan-balan ko likitan tiyata ya gyara shi. Wanda aka yi wa tiyata alhali magani zai wadatar, an rage masa hanjin da ba ya tsirowa; wanda kuma aka yi ta ɗura wa magani alhali tabo ne, an ɓata masa watanni da dukiya. A mafi yawan majinyata ma abubuwan biyu a cakuɗe suke a wuri ɗaya, sai dai a duba wanne ya rinjaya, kuma har gobe wannan na daga cikin mafi wuyar abin da masu karanta hoto ke fama da shi.

Asalin wannan fanni yana komawa ga shekarar 1895, lokacin da Wilhelm Rontgen ya gano hasken eksire a garin Wurzburg na ƙasar Jamus. Hasken yana nuna ƙashi sarai, amma hanji nama ne mai taushi, ba ya barin inuwa. Ba a daɗe ba wani ɗalibin likitanci a jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya gauraya garin wani ma'adini mai tare haske a cikin abincin dabbobi, ya zauna yana kallon yadda tumbin kyanwa ke motsi. Daga wannan dabara aka kai ga farin ruwan bariyom, mai kauri kamar kunu, wanda majinyaci zai sha, a dinga ɗaukar hoto lokaci bayan lokaci ana bin sa har ya isa babban hanji. Da shi ne wani likita mai suna Kantor ya siffanta, a 1934, alamar da ɗaliban likitanci ke haddacewa har yanzu, watau inda ruwan ya zo ƙarshen ƙaramin hanji ya sirance ya koma kamar zare saboda tsukewar wurin. Daga baya, a shekarun 1970, likita Sellink na ƙasar Holan ya kyautata hanyar ta zura siririn bututu ta hanci ko baki har ya wuce tumbi, a tura ruwan kai tsaye don hanjin ya buɗe sosai, hoto ya fito tas, sai dai majinyata ba su taɓa ƙaunar wannan bututu ba. Bariyom ya yi wa likitoci hidima shekaru masu yawa, kuma inda babu wani abu sai shi, har yanzu yana da fa'ida. Illarsa ita ce cikin bututun hanji kawai yake zanawa, ba ya nuna kaurin bango, balle abin da ke bayansa, alhali cutar Crohn rabin ɓarnarta a can take.

Na'urar siti ce ta fara cike wannan giɓi. Injiniya Godfrey Hounsfield na Ingila ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971, kuma aikinta shi ne ta kewaya jiki da hasken eksire, kwamfuta ta haɗa hoton jikin yanki-yanki, har a ga bangon hanji da kitsen da ke kewaye da shi da kaluluwar da ke cikin ciki. Saurinta ba shi da na biyu: cikin daƙiƙu kaɗan an gama. Saboda haka idan aka kawo mutum cikin dare, cikinsa ya kumbura, yana amai, jikinsa ya yi zafi, ana tsoron hanji ya toshe ko ya huje, babu mai tsayawa dogon shawara, siti za a yi. Amma tana da farashin da ba a biya a wurin mai karɓar kuɗi, domin hoton ciki guda ɗaya na siti yana ɗora wa jiki hasken da ya kai kwatankwacin abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a cikin shekara 3 ko kusa da haka. Sau ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne. Sai dai ku tuna mun ce cutar tana kama matasa ne, kuma abokiyar zama ce ta tsawon rai, wanda ya fara da ita yana ɗan shekara 18 yana iya buƙatar hoto sau da yawa kafin ya tsufa, hasken kuwa taruwa yake yi, yana ɗan ƙara hatsarin ciwon daji a can gaba. Nan likita yake yin irin awon da malaman fiƙihu suka sani, na ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu: a halin gaggawa cutarwar jinkiri ta fi girma, a halin bibiya ta yau da gobe kuwa sai a nemi hanyar da ba ta da wannan haske.

Hanyar farko ita ce na'urar maganaɗisu, wadda ba ta amfani da hasken eksire ko kaɗan. Bari in ɗan tsaya in siffanta muku yadda ranar take, domin tsoron abin da ba a sani ba yana hana mutane da yawa zuwa. Za a ce ka kame baki daga abinci awa 4 zuwa 6. In ka iso, ma'aikaciya za ta miƙo maka ruwa mai ɗan zaƙi-zaƙi, lita ɗaya ko ɗaya da rabi, ta ce ka sha a hankali, kofi bayan kofi, cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Wannan ruwa an haɗa shi ne yadda hanji ba zai tsotse shi da wuri ba, sai ya zauna ya buɗa hanjin, domin hanjin da ya lanƙwashe babu komai a ciki yana iya ɓoye ciwo, yana kuma iya kama da mai ciwo alhali lafiyarsa ƙalau. Wanda ya sha rabi ya zubar da rabi a ɓoye, kansa ya cuta. Daga nan za a karɓe maka agogo da makulli da waya da duk wani ƙarfe, a kwantar da kai, sau da yawa rub da ciki, a kan wani gado mai shiga cikin rami mai haske, a toshe maka kunne saboda na'urar tana buga ƙara kamar ana sara ƙarfe. Za a yi maka allura mai kwantar da motsin hanji na ɗan lokaci, wadda takan busar da baki ta sa gani ya ɗan dushe kafin ta sake ka, da wata allurar ta biyu mai haska inda jini ya yawaita. Za ka ji murya tana cewa ka riƙe numfashi, ka saki, ka sake riƙewa, har kimanin rabin awa ko fiye kaɗan. Bayan an gama, kada ka yi nisa da bayan gida, domin ruwan nan zai nemi hanyar fita, kuma wannan ba alamar wata matsala ba ce.

Abin da ake samu a sakamakon wannan haƙuri yana da yawa: kaurin bango, da ruwan kumburi a cikinsa, da gyambo mai zurfi, da jijiyoyin jini da suka cika suka jeru a gefen hanji, da hanyoyin yoyo, har da hoto mai motsi da ke nuna yankin da ya daina murɗawa. Matsalarta tsada, da ƙarancin na'urar, da buƙatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa.

Hanya ta biyu ita ce wadda ni a ganina ta fi cancantar mu mai da hankali a kanta, watau sikanin, wannan dai na'urar da ake duba mata masu juna biyu da ita. Jama'a da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sun ɗauka ba ta ganin hanji saboda iska, alhali likitocin hanji a Italiya da Jamus sun daɗe suna duba majinyatansu da ita a ɗakin ganin likita. Mai aikin zai shafa man nan mai sanyi, ya ɗora kan na'urar a ƙasan ciki ta dama, ya danna a hankali har iskar ta kauce, sai bangon hanji ya bayyana a allo, layi fari da layi baƙi har hawa biyar. Zai auna kaurinsa. Idan ya wuce milimita 3 sai ya fara zargi, ya kunna launi ya ga ko jini ya yawaita a wurin, ya duba ko hawa-hawan nan sun narke sun zama ɗaya, kuma duk wannan majinyaci yana kallo, yana iya nuna masa da yatsa daidai inda ke masa ciwo. An gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa a wani bincike da aka yi a asibitoci 8 na Birtaniya a kan majinyata 284, aka wallafa a 2018: wajen gano cewa akwai ciwo a ƙaramin hanji, maganaɗisu ya kama 97 cikin 100, sikanin ya kama 92, wajen faɗin iyakar yankin da ciwon ya kai kuwa, maganaɗisu 80, sikanin 70. Maganaɗisu ya yi rinjaye, babu jayayya, amma ratar ba ta kai yadda ake zato ba, ga shi sikanin ba ya buƙatar allura, ba ya cutar da mai ciki ko yaro, ana iya maimaita shi ko yaushe. Sharaɗinsa ɗaya ne mai nauyi, shi ne hannun da aka horar musamman a kan hanji, domin wanda ya saba duba mahaifa da hanta kawai zai iya wuce ciwon bai gan shi ba. Na'urar tana nan a garuruwanmu. Horon ne ya kamata hukumomi da makarantun likitanci su sa a gaba.

Akwai kuma ƙwayar kyamara, wadda injiniya Gavriel Iddan na Isra'ila ya ƙirƙira, likita Paul Swain na Landan ya fara haɗiye ta da kansa a 1999, aka amince da ita a Amurka a 2001. Tsawonta milimita 26, kaurinta 11, tana ɗauke da fitila da batir, tana tafiya da motsin hanji kimanin awa 8 tana aika dubban hotuna zuwa wani akwati da aka ɗaura wa mutum a ƙugu, sa'an nan ta fita da bayan gida. Babu abin da ya kai ta ganin ƙananan gyambuna na farkon cuta. Amma ba ta ganin bayan bango, ba ta iya ɗebo nama, kuma idan ta tarar da wurin da ya tsuke tana iya maƙalewa har sai an shiga an ciro ta, shi ya sa ake fara yin hoto, ko a ba mutum wata ƙwayar gwaji mai narkewa da kanta in ta tsaya. In kuwa dole sai an taɓa wurin, akwai dogon bututu mai balan-balan biyu da likita Hironori Yamamoto na Japan ya fito da shi a 2001, mai tattaro hanji kaɗan-kaɗan har a isa can ciki.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi shafar mu, kuma ina roƙon ku ku ba ni kunnuwanku. Duk waɗannan hotuna shaidu ne, likita shi ne alƙali, kuma alƙalin kirki ba ya yanke hukunci da bakin shaida ɗaya. Dalili kuwa shi ne akwai wata cuta da ke kama daidai wurin da cutar Crohn ke kamawa, ta kaurara bango, ta tsuke hanji, ta kawo rama da zazzaɓi da ciwon ciki, ita ce tarin fuka, watau tibi, na hanji. Mutane sun san tibi a huhu, ba su san yana sauka ciki ba, wani lokaci ma ba tare da tari ko ɗaya ba. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a masu nauyin wannan cuta. Hoto yana ba da ishara: kaluluwar ciki da ta ruɓe a tsakiya, da ruwa a ciki, da gajeren yanki guda da ya ƙanƙance farkon babban hanji, sun fi karkata ga tibi, dogon yanki, da tsallake-tsallake, da yoyo a gefen dubura, sun fi karkata ga Crohn. Amma ishara zato ce mai ƙarfi, ba ta kai yaƙini ba. Hatsarin kuskure a nan babba ne ƙwarai, domin maganin Crohn danne garkuwar jiki yake yi, idan kuwa aka danne garkuwar mai tibi, cutar sai ta bazu cikin jiki, har ta iya kai shi ga halaka. Saboda haka kada ka ji haushi idan bayan ka biya kuɗin hoto mai tsada likita ya ce sai an ƙara hoton ƙirji, da gwajin jini da na bayan gida, da zura kyamara a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. A ƙasashe irin su Indiya, inda cututtukan biyu suke tare, idan shubuha ta ƙi warwarewa likitoci sukan fara ba da maganin tibi na wata 2 zuwa 3, sa'an nan su sake leƙawa su ga ko gyambon ya warke da gaske, domin jin sauƙi kaɗai ba hujja ba ce, wasu masu Crohn ma sukan ji sauƙi na ɗan lokaci a kan wannan magani.

Haka nan magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda manoma da 'yan dako da masu ciwon gwiwa ke sha kullum, suna haddasa gyambo a ƙaramin hanji wanda a hoton ƙwayar kyamara zai iya rikita ƙwararre. In kana shan su, faɗa tun kafin a tambaye ka.

Wanda aka tabbatar masa da cutar kuma, ya sani za a sake kiransa hoto ko da yana jin garau, domin an gane cewa abin da majinyaci ke ji da abin da ke cikin hanjinsa ba kullum suke tafiya tare ba, kumburi yana iya ci gaba a ɓoye har ya zama tabo. Kafin kowane hoto, mace ta faɗa idan tana da ciki ko tana zato. Mai ciwon ƙoda ya faɗa kafin a yi masa allurar haska jini. Mai ƙarfe a jiki ko na'urar daidaita bugun zuciya ya faɗa kafin ya kusanci maganaɗisu. Mai hawan ruwan ido ko ciwon zuciya ya faɗa kafin allurar kwantar da hanji. Kuma kowane faifai da kowace takardar sakamako a adana su wuri ɗaya da kwanan watansu, a riƙa zuwa da su asibiti, domin mai karanta hoton bana yana buƙatar na bara a gabansa kafin ya ce bangon ya ƙara kauri ko ya ragu, kuma sau da yawa tsohon faifai yana hana a maimaita siti ba bisa larura ba.